Sababbin zuwa Jamus, ku karanta jikin kwalba kafin ku kai baki

Duk shekara sai an samu sabon zuwa ya shiga kanti neman Maltina, ya ga baƙar kwalba da hoton hatsi, ya ɗauko, ashe giya ce. Abin da ciwo, don 'yan uwanmu da suka daɗe a nan sun san waɗannan kwalabe sarai, tambaya ce kawai ba a yi.

Pils, Helles, Weizen da Bock duk giya ne. Ukun farko barasarsu wajen kashi 5 cikin ɗari ce, Bock ya fi su ƙarfi. Waɗannan ba su cika ruɗar kowa ba.

Masu kama da lemo su ne matsala. Radler, wanda mutanen Hamburg ke kira Alster, giya ce aka haɗa da lemo, akwai hoton lemon tsami a jiki, amma barasarsa ta kai kashi 2.5. Berliner Weisse kuwa, ita ma giya ce, ana zuba mata ruwan zaƙi ja ko kore, a kawo ta da tsinken zuƙa, sai ka rantse zoɓo ne. Apfelschorle ruwan tuffa ne da ruwa mai gas, a sha lafiya. Weinschorle da Apfelwein na Frankfurt kuwa akwai barasa, a bar su.

Sai kalmar da ta fi cin mutane: alkoholfrei, wato babu barasa. A Jamus ana halatta rubuta ta ko da akwai barasa har kashi 0.5, domin yawanci giyar ake dafawa sannan a cire barasar, ɗan saura ya rage. Wanda ba ya son ko ɗigo, ya nemi 0,0% a rubuce ɓaro-ɓaro. Kada kuma ku ce ai babu adadi a jiki, saboda haka babu komai. Dokar Tarayyar Turai ba ta tilasta rubuta adadin sai ya wuce kashi 1.2.

Abin da ya fi kusa da Maltina shi ne Malztrunk ko Malzbier, irin su Vitamalz da Karamalz. Su ma ku juya bayan kwalbar ku duba, kamfani kamfani ne. Shagunan 'yan Afirka kan sayar da Malta Guinness da Supermalt, sai dai da ɗan tsada.

In sanyi ya shigo kuka je kasuwar Kirsimeti, Glühwein giya ce mai zafi, ku ce a ba ku Kinderpunsch, na yara marar barasa. Kwalbar da kuka shanye kuma kada ku yar, akwai kuɗin ajiya da suke kira Pfand: santi 8 a yawancin kwalaben gilas irin na Malzbier, santi 25 a gwangwani, injin da ke kanti zai ba ku takardar karɓa.