Awon fulawa idan babu sikeli

'Yan uwa mata, in girki ya ce giram 500 na fulawa, ku auna kofi 4. Kilo ɗaya kuwa kofi 8 ne. Kofin awo nake nufi, mai cin mililita 240, wanda ke ɗaukar kusan giram 125.

Amma kar ki cusa kofin cikin buhu. Fulawar dannewa take yi, sai ki ɗebo har giram 150, fankenki ya fito da tauri. Ki motsa ta tukuna, ki zuba da cokali, ki share saman da bayan wuƙa.

Lissafin nan bai shafi sukari ba, shi kofinsa giram 200 ne. Mai yin kek na sayarwa kuma, gara ta sayi sikeli kawai.