Masu jiran sabuwar SSD ta Gen 6, ku ɗan dakata

'Yan uwa ina ta ganin ana yaɗa jita-jitar wai SSD (ma'ajiyar fayiloli ta kwamfuta) mai PCIe 6.0, wato Gen 6, sabon zubin hanyar da take haɗuwa da kwamfuta, na tafe, gudunta ninkin na Gen 5 ne, har wasu sun fasa sayen na yanzu suna jira. Shawarata kafin ka ɗora rai a kai, duba ramin M.2 (inda ake soka SSD) na madabod ɗinka (babban allon cikin kwamfuta) tukuna, don in Gen 3 ne to ko Samsung 9100 Pro ka saka, wadda aka rubuta mata gudun 14,800 MB/s (megabait a sakan ɗaya), ba za ta wuce wajen 3,500 ba, kuɗinka kawai ka zubar.

Kuma lambar nan da ake rangaɗawa a jikin kwali ta karanta manyan fayiloli ce a jere, kana fara kwafar bidiyo masu nauyi kash ɗinta (ɗan sashe mai sauri da take fara zuba bayanai a ciki) ya cika sai kaga gudun ya faɗi warwas, musamman in QLC ce (nau'in ƙwayar ajiya mai araha amma mai ƙarancin gudu). Ku riƙa duba ko TLC ce (nau'in da ya fi QLC gudu da ƙarko), tana da DRAM (ƙaramar memori mai taimaka mata gano inda bayanai suke da sauri), nawa ne TBW ɗinta (yawan terabait da aka ba da garantin za a iya rubuta mata). Ga zafi, Gen 5 ma sai da abin sanyayawa balle a laftof. Wallahi in aikin ofis ne ko gem, Gen 4 mai 7,000 ta isheka.