Tarin kuruf: abin yi idan ya taso wa yaro cikin dare

Yaro ya yini da 'yar mura da majina, ya kwanta lafiya, can tsakar dare sai ya farka da tari mai kama da haushin kare, murya ta dishe, in ya ja numfashi ana jin wata ƙara mai kaushi. Wannan shi ne kuruf. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, galibi wadda ake kira parainfluenza, kuma ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 3. Kumburin yana can ƙasan maƙogwaro, inda hanyar iskar ƙaramin yaro take da ƙunci dama, shi ya sa ɗan kumburi kaɗan ke matse numfashi.

Abu na farko, a kwantar masa da hankali. Kuka yana sa shi fizgar iska da ƙarfi, hanyar ta ƙara tsukewa. A ɗauke shi a zaunar a cinya, ƙirji a miƙe, a lallashe shi. Kada a tilasta masa kwanciya, kada kuma a zura cokali ko yatsa don leƙa maƙogwaro. A ba shi nono ko ruwa kaɗan-kaɗan. In zazzaɓi na damun sa, farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa 6.

Sirace ba ya rage kumburin, yara kuwa kan ƙone da ruwan zafin. Maganin tari na kwalba da antibayotik su ma ba sa taɓa bairos.

Idan ya yi shiru, a ɗaga rigarsa a duba. Ƙarar da ke fita lokacin kuka kaɗai, ana iya lura da ita a gida. Amma in ana jin ta yana zaune lamo, ko fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya na lotsawa duk jan numfashi, asibiti nan take. Haka in leɓe ya sauya launi, ko miyau na dalala ya kasa haɗiya, ko tarin ya zo farat ɗaya babu mura, don ƙila wani abu ya shaƙe shi. Alamar haɗarin da ta fi yaudarar iyaye ita ce ƙarar ta ragu alhali yaron ya yi laushi yana lumshe ido. Gajiya ce, iskar da ke shiga ta ragu.

A asibiti akan ba da dexamethasone, maganin rage kumburi, sau ɗaya, miligiram 0.15 zuwa 0.6 ga kowane kilo. Mai tsanani ana shaƙa masa wani magani mai suna adrenaline ta na'ura, yana aiki cikin mintuna amma ƙarfinsa kan gushe bayan kamar awa 2, don haka ake riƙe yaron a ga yadda zai kasance.

Dare na biyu ko na uku kan fi muni ko da ya yini garau, saboda haka a kwana kusa da shi.