Yadda ake sayen tsohuwar kyamarar fim mai araha a ɗauki hoto da ita

Kada ka fara da wadda kowa ke rububinta. Pentax K1000 da Canon AE-1, waɗanda suka fito a 1976, kyamarori ne na ƙwarai, amma suna ya sa sun yi tsada. Sabon shiga ya nemi Minolta SR-T 101, ko Praktica MTL 3 ta Jamus ta Gabas, ko Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka ƙera miliyoyinta. Waɗannan ukun duka suna ɗaukar hoto ko babu batir.

Kafin ka biya, buɗe murfin baya, ka ɗaga ta wajen haske, ka danna maɓallin ɗauka a kan gudu mafi jinkiri, sannan mafi sauri (gudu shi ne saurin buɗewa da rufewar labulen ciki da ke barin haske ya kai ga fim). Idan labulen ciki ya maƙale ko ya tafi yana jan jiki, ajiye ta, kuɗin gyaran zai fi kuɗin kyamarar. Haska tocila cikin gilashin. Ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare kamar yanar gizo fumfuna ce, kuma idan ta daɗe tana cin gilashi. Duba gidan batir ko akwai farin gari ko kore. Sai ka taɓa baƙin soson da ke gefen murfi. Idan ya manne a yatsa kamar kwalta, ya mutu, haske zai shiga ya bar jan tabo a hotuna. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne, domin da tsinke da ɗan sabon soso za ka sauya shi da kanka.

Ma'aunin hasken SR-T 101 an yi shi ne don batirin zaiba mai ƙarfin volt 1.35, wanda aka daina yi. Na 1.5 yana sa allurar ma'aunin ta yi ƙarya. Batirin na'urar ƙara ji mai 1.4 ya fi kusa, sai dai ba ya jimawa.

Yanzu saka fim, inda na ga mutane sun fi faɗuwa, kuma ni ma nan na faɗi. Na taɓa ɗaukar hotunan mahaifiyata tana zaune a inuwa, lambar ƙirga tana tafiya har 36, ashe harshen fim ɗin ya suɓuce tun farko. Aka wanke ya fito fayau, ko hoto ɗaya babu. Har yau abin yana yi mini ciwo. Lambar nan ba fim take ƙirgawa ba, jan hannun tura fim da kake yi take ƙirgawa.

Ga yadda za ka yi. Cusa harshen cikin tsagar kwarkwaron dama sosai, ka ja hannun sau ɗaya murfi a buɗe, ka ga da idonka haƙoran sun shiga ramukan fim sama da ƙasa. Rufe. Sai ka juya maɗaurin hagu, wato na naɗe fim baya, a hankali, ta inda kibiya ta nuna, har ka ji ya yi tauri, ka tsaya. Danna, ka sake jan hannu, idonka a kan maɗaurin hagu. Idan ya juya da kansa, fim yana tafiya. Idan bai motsa ba, buɗe ka sake, hoto biyu kawai ka yi asara. Ni kowane ja sai na kalle shi, har fim ya ƙare.

Fim ɗin farko ya zama sabo, mai lamba 200 ko 400 (lambar ISO da ke jikin kwalinsa, mai nuna yadda yake kama haske), irin Kodak Gold 200. Wanda wa'adinsa ya wuce ya fi araha, amma idan hoto ya lalace ba za ka san laifinsa ba ne ko na kyamara. Idan ma'aunin haske ya mutu, a rana tsaka sa ƙofar haske, wato zoben lambobin da ke jikin gilashin, a 16, gudu a 1/250 ga mai lamba 200. A inuwa ka buɗe zuwa 5.6.

Da ka ji hannun ya cije, fim ya ƙare, kada ka tilasta, zai tsinke. Danna ɗan maɓallin sakin fim (yawanci yana ƙasan kyamara, a Zenit-E yana sama), naɗe da maɗaurin hagu har ka ji ya saki, sannan ka buɗe murfi. Wajen wanki ka ce a dawo maka da fim ɗin, domin a jikinsa ake gane inda haske ke shiga.