Darasi na 9: Mai Aikin Biro da Kwanon Abincinsa

Yawancinmu da muke aiki a biro a nan Yamai, iyayenmu ko kakanninmu manoma ne, ko makiyaya, ko fatake. Mutumin da ya fita gona da sassafe da hauya a kafaɗa, ya yini sunkuye cikin rana har azahar ta gota, idan ya dawo ya ci malmala uku ta tuwon hatsi ya kora da hura, babu abin da zai taru a jikinsa, domin gumin gobe zai cinye abin da ya ci yau. Mu ƴaƴansu mun gaji girman kwanon, amma ba mu gaji aikin ba. Sakatare da mai lissafin kuɗi da mai buga takardu a kwamfuta, har ma da direban da yake yini yana jiran maigidansa, duk suna fita gida a kan babur ko cikin taksi, su zauna a kujera tun safe har la'asar, su koma gida su sake zama. Wannan darasi zai nuna muku inda ƙibar mai zaman biro take shigowa, da yadda za a rage ta da irin abincin da ake sayarwa a Katako da Wadata da Babbar Kasuwa, ba tare da yunwa ba kuma ba tare da sayen maganin komai ba.

Jiki yana samun ƙarfinsa daga abinci, kuma ma'aunin wannan ƙarfi shi ake kira kalori. Giram ɗaya na sukari ko na garin hatsi da shinkafa yana ba da kusan kalori 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9. Abin da jiki ya ƙone wajen numfashi da tafiya da aiki ya tafi ke nan, abin da ya yi saura kuwa jiki ba ya zubar da shi, yana mayar da shi kitse ya ajiye, musamman a ciki da ƙugu. Rarar kwana ɗaya ba ta da yawa, amma da yayyafi kogi kan cika, shi ya sa mutum kan wayi gari bayan shekara biyar da kama aiki ya tarar da rigunan da ya ɗinka a farko sun daina shigarsa.

Na san cewa a wurinmu ana ganin tumbi a matsayin alamar hutu da wadata, kuma mace idan ta yi jiki bayan aure sai a ce mijinta yana kula da ita. Ba na raina wannan magana, domin ta fito daga mutanen da suka san yunwa da fari. Sai dai kitsen da ya taru a ciki shi ne babban mai buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa, kuma duk wanda ya taɓa rakiyar ɗan uwa zuwa asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki ya san irin kuɗi da wahalar da ke cikin wannan jinya.

Yadda za ka san inda kake

Akwai awo iri biyu. Na farko yana buƙatar sikeli da ɗan lissafi: ka ninka tsawonka sau kansa, sannan ka raba nauyinka da abin da ya fito. Mu ɗauki misalin ma'aikaci mai tsawon mita 1,70 da nauyin kilo 85. Idan aka ninka 1,70 sau 1,70 za a samu 2,89, idan kuma aka raba 85 da 2,89 za a samu kusan 29. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18,5 zuwa ƙasa da 25 nauyi daidai ne ga babban mutum, daga 25 ya yi yawa, daga 30 kuwa ya zama ƙibar da ake ɗauka a matsayin lalura. Wannan ma'aikaci yana bakin iyaka ke nan.

Awo na biyu ya fi sauƙi, kuma ni na fi son sa domin yana nuna kitsen ciki kai tsaye. Ka yanki igiya daidai tsawonka daga tsakar kai zuwa diddige, ka ninke ta gida biyu, ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya ba tare da ka tsuke ciki ba. Idan bakunan sun haɗu, madalla. Idan ba su haɗu ba, wannan darasi naka ne.

Abin da ake sha ba a ƙirgawa

Idan aka tambayi mai aikin biro abin da ya ci jiya, zai ambaci shinkafar rana da tuwon dare, ya ce ai shi ba ya cin abinci da yawa, kuma gaskiya yake faɗa iyakar abin da ya tuna. Abin da bai ƙirga ba shi ne abin da ya sha. Da safe ya tsaya wurin mai shayi an zuba masa sukari cokali huɗu da madarar gwangwani mai zaƙi, ga rabin burodi da aka shafe da mayonez. Da rana, saboda zafi, ya sayi lemun gwangwani mai sanyi ko bisap na leda. Bayan an tashi aiki ya zauna a fada, aka zagaya da shayi na fari da na biyu da na uku.

Mu yi lissafin tare. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kusan giram 4 na sukari, don haka cokali huɗu na safe giram 16 ne. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35. A ce kowane ƙaramin kofi na shayin fada yana da cokali biyu, kofi uku sun zama giram 24. Jimla giram 75 ke nan, ban da madara da sukarin hura. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015 ita ce kada sukarin da babban mutum yake ƙarawa ko yake sha cikin lemu ya wuce kusan giram 50 a rana, wato cokali 12, kuma idan ya sauko zuwa giram 25 ya fi alheri. Abin da ya sa sukarin sha ya fi cutarwa shi ne ba ya ƙosarwa: wanda ya sha lemu zai ci abincinsa cikakke kamar bai sha komai ba.

Ga wani lissafin da nake so kowa ya yi da hannunsa. Wanda yake shan gwangwani ɗaya a kowace ranar aiki, cikin kwana 22 na wata ya sha giram 770 na sukari, ya fi kashi uku cikin huɗu na kwalin sukari mai kilo ɗaya. Kuma kalorin gwangwani ɗaya, wato kusan 140, sai mutum ya yi tafiyar kusan rabin awa da sauri kafin ya ƙone shi. Saboda haka a nan ya kamata a fara, tun kafin a taɓa tuwo. Ka ajiye gorar ruwa a kan teburinka ka riƙa sha, domin a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, sau da yawa ƙishirwa ce mutum yake ji ya zaci sha'awar lemu ce. Sukarin shayin safe a rage shi da cokali ɗaya kowane mako, harshe zai saba. A fada kuwa ba sai ka bar abokanka ba, ka karɓi kofi ɗaya ka gode, ka ce likita ya hana sauran, babu wanda zai riƙe ka da wannan.

Mai da girman kwano

Abu na biyu shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kusan kalori 120, kuma mai sayar da shinkafa da wake a bakin biro ba da cokali take zubawa ba, da ƙaramin ludayi ne. Kana da ikon cewa: "Hajiya, a rage mini mai, a ƙara mini wake da salati." Dambun zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, amma idan aka jiƙe shi da mai har yana sheƙi ya koma abinci mai sa ƙiba. Ƙosai da fanke da soyayyen dankali su zama na ranar marmari, kamar sau ɗaya ko biyu a mako, kada su zama karin kumallon kullum. Dafaffen ƙwai biyu, ko kunun hatsi mai ɗan sukari kaɗan, ko hura da nono ba sukari, sun fi riƙe ciki har azahar.

Game da kwano, ka raba shi a ido gida huɗu. Kashi biyu su zama ganye da kayan lambu, irin su zogale, kabeji, salati, yakuwa, rama, kuɓewa, karas, tumatir da albasar Galmi. Kashi ɗaya ya zama wake ko kifi ko ƙwai ko naman da ba shi da kitse. Kashi ɗaya da ya rage shi ne na tuwo ko shinkafa ko taliya, kimanin dunƙulen hannunka. Yawancinmu juyawa muke yi, shinkafa ta cika faranti, ganye ya zama ado a gefe. Ana so babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace a rana, kuma da sanyi, lokacin da lambunan bakin kogi suke cika kasuwa, wannan ba shi da tsada. Hatsi da dawar da ba a surfe su sosai ba sun fi farar shinkafa da farin burodi daɗewa a ciki, wake kuma ya fi su duka, ga araha. Maggi da gishiri ba su sa ƙiba, amma suna tayar da jini, iyakar gishiri giram 5 ne a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, don haka a ƙara daddawa da kayan yaji a rage su.

Wanda yake ci a kwano ɗaya da iyali ko abokan aiki ba ya iya auna rabonsa, wannan matsala ce ta gaske. Dabarar ita ce ya fara da ganye da miya, ya rage girman loma, ya tauna a hankali, domin saƙon ƙoshi yakan ɗauki mintoci kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma ya tsame hannu tun yana da sauran wuri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da mu raba ciki gida uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Maigida kuma ya zauna da uwargida su yi shawara, domin ita ce take riƙe da kwalbar mai, kuma gyaran tukunya zai amfani gidan duka.

Kada a tsallake abincin rana da nufin ramewa. Wanda ya yini bai ci ba yakan rama da dare da ninki biyu, ya kwanta da ciki cike. Gara a zo da abinci daga gida cikin ƙaramin kwano mai murfi, a ajiye gwaiba ko lemun zaƙi ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya saboda yunwar la'asar, abincin dare kuma ya zama mara nauyi, a ci shi da wuri.

Motsi yana taimakawa, ko da yake ba ya goge ɓarnar ci. Ana so babba ya samu aƙalla minti 150 na tafiya da sauri a mako, wato minti 30 sau biyar, bayan sallar asuba ko da yamma idan rana ta yi sanyi. A biro ka riƙa miƙewa kowace awa, ka kai takarda da ƙafarka maimakon aiken yaro, ka taka zuwa masallaci.

Abin da za a sa rai da shi

Raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ta wadatar, wani makon ma sikeli ba zai motsa ba. Ba a bukatar mutum ya koma jikinsa na samartaka kafin ya ga amfani. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka bayyana sakamakonsa a shekarar 2002, ya bi mutane fiye da 3000 da suke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su gyara cin abinci da nufin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga ma'aikacinmu mai kilo 85, kashi 7 cikin 100 kusan kilo 6 ne kawai.

Ina roƙonku ku guji shayi da garin "rage tumbi" da ake talla a kasuwa da cikin WhatsApp. Da yawansu gudawa ko yawan fitsari suke sawa, ruwan jiki ne yake fita, kitse yana nan, kuma suna iya taɓa ƙoda. Mai ciwon sukari ko hawan jini da yake shan magani, da mace mai ciki ko mai shayarwa, kada su rage abinci sai sun ga likita a asibitin unguwarsu. Haka nan wanda yake ramewa ba tare da ya canza komai ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai daɗewa, ya je a duba shi da gaggawa.

Aikin gida

Kowa ya ware shafi bakwai a littafinsa, shafi ɗaya ga kowace rana. Ku rubuta duk abin da ya shiga bakinku da lokacinsa, har da kofin shayin da aka miƙo muku a fada da lemun da aka raba a wurin suna ko ɗaurin aure. A ƙasan kowane shafi ku haɗa yawan cokulan sukari, ku ninka sau 4 don samun giram. A wannan makon kada ku canza komai, ku rubuta gaskiya kawai. Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da littafinsa da igiyar awonsa, za mu duba shafukan biyu-biyu, kowa ya zaɓi abu ɗaya tak da zai fara ragewa.