Yadda Ake Gano Baƙar Jijiyar Dutse a Kewayen Zariya, da Yadda Ake Ɗibar Samfurinta

Tun ina ɗalibi a Samaru nake bin wannan baƙin dutse da yake ratsa farin falale kamar an ja layi da gawayi. Masu fasa dutse jijiya suke ce masa, a aji kuma daik muke cewa, dutsen kansa dolarait. Abin da ya sa ya shiga raina shi ne tafiyar da ya yi. Ɓawon duniya da muke takawa bai wuce kaurin kilomita 35 zuwa 40 ba. Ƙarƙashinsa ne mantul, kuma daga can wani ɗan kaso na dutsen ya narke, da zafin da ya kai digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas, ya bi tsaga ya taso, ya sandare a hanya.

Ka fita da rani, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta mutu, ruwan Kubanni da Galma ya ja. Zariya ƙasar marmara ce, ta rufe kusan komai, don haka gindin ƙorama da wuraren fasa dutse su ne abin nema. Amma fara da hawa Kufena, bayan Wusasa, ka cika idonka da giranit ɗin wurin, wato farin falalen nan mai manyan ƙwayoyi, wanda ya kai kimanin shekara miliyan 600. Idan ka san mai gida, baƙo ba zai ɓace maka ba. Kada ka ɗaga guduma a gonar mutane ba ka gaida mai unguwa ba. Ni nakan ce da dattijon da na tarar, "Baba, ina kuke cin karo da baƙin dutsen nan mai cinye bakin guduma?" Sau da yawa amsarsa ta fi taswira amfani.

In ka same shi, dubi abu uku. Na farko, yana yanke dutsen da ke kewaye da shi ne kai tsaye, bai damu da shimfiɗarsa ba. Duk abin da ya yanka ya girme shi. Na biyu, bakin jijiyar. A gefe inda narkakken dutsen ya taɓa giranit mai sanyi, ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai har ido ba ya raba su, a tsakiya kuwa sun ɗan yi girma domin sun daɗe suna hucewa. Wannan alama ce da na fi yarda da ita. Na uku, kanga masa maganaɗisu, yawanci za ka ji ya ɗan kama. Akwai wani baƙin dutse, amfibolait, da yake ruɗar sabon shiga, sai dai shi ƙwayoyinsa a jere suke layi-layi. Auna faɗin jijiyar, ka ɗauki alkiblarta da kamfas, ka rubuta a wurin.

Yanzu ga inda aikin yake lalacewa. Dolarait yana ruɓewa daga waje, yana ɓarewa kamar albasa, ya bar curi-curi masu jan ɓawo. Samfurina na farko irin waɗannan na kwaso don sun fi sauƙin ɗauka. Na biya kuɗin gwaji, sakamako ya fito, ruwan da dutsen ya sha ya yi yawa, adadin fotasiyam da rubidiyam ya hargitse, wata uku na aiki suka tafi a banza. Har yau ina jin zafin abin. Ka fasa har sai ka kai ciki mai launin toka-toka baƙi, mai ƙara kamar ƙarfe in an buga. Ka feƙe duk wani ja, ka guji wurin da farar jijiya ta ratsa. Ɗauki samfur ɗaya daga tsakiyar jijiyar, ɗaya daga bakinta, kowanne kamar dunƙulen hannu biyu, kowanne a ledarsa da lambarsa.

A ɗakin gwaji a fara yanka siririn yanki mai kaurin milimita 0.03 a duba a madubin ƙara girma. In filajiyokilas da fairoksin, manyan ma'adinan da suka haɗa dolarait, suna nan garau, a niƙa rabin samfurin. A nan Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda take da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, ana auna sinadaran duwatsu a wurin. Ka tambayi da me za a niƙa, domin turmin ƙarfe yakan ƙara wa samfur kuromiyam.

Idan takardar sakamako ta zo, fara da silika: kashi 45 zuwa 52 cikin 100 shi ne gidan dolarait. Sai magnesiyam, nikel da kuromiyam. In suna da yawa, narkakken dutsen bai daɗe da barin mantul ba. In sun yi ƙasa, ya tsaya a hanya, ma'adinan olibin da fairoksin sun daskare sun zauna a ƙasa, sun riƙe rabonsu na waɗannan sinadarai. Don gane asali kuwa, ka dogara da zakoniyam, titaniyam, itiriyam da niyobiyam, waɗanda ruwan sama ba ya kwashewa da sauƙi. Ƙarancin niyobiyam ne yake jawo gardama. Yana iya nufin dutsen ya lashi ɓawon duniya yana tasowa, yana kuma iya nufin mantul ɗin kansa ya gauraya tun zamanin da wani ɓawon teku ya nutse cikinsa. A nan ne samfurin baki da na tsakiya suke taimako, kuma shi ya sa ba na yanke hukunci da jijiya ɗaya.

Kada faɗin mita ɗaya ko biyu ya sa ka raina tamu. Babbar jijiyar Zimbabuwe tsawonta ya kai kilomita 550, shekarunta sun haura biliyan 2.5, ana haƙar kuromiyam da filatinam a cikinta, amma tambayoyin da ake yi mata su ne muke yi wa tamu. Ajiye rabin kowane samfur ba a niƙa ba, da lambarsa a jikinsa, domin wata rana za ka so a sake aunawa.