Yadda Ake Gwada Batirin Mota da Sauya Shi a Lokacin Sanyi

Mota takan yi ta tashi lafiya duk tsawon lokacin zafi, amma da sanyi ya sauko sai a murɗa makulli da safe injin ya juya da ƙyar, fitilun dashbod su dusashe, ko kuma kik ya yi ƙas-ƙas-ƙas ya yi shiru. Ana ɗora wa sanyi laifi, alhali ɓarnar tun lokacin zafi ta faru. Zafi ne ke ƙafar da ruwan batir yana cin farantan dalmar da ke cikinsa, sanyi zuwa kawai yake ya tona asiri. Idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0 a ma'aunin Celsius, batir yakan rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa, a digiri 18 ƙasa da sifili kuma abin da ya rasa ya haura rabi. A daidai wannan lokacin baƙin mai ya yi kauri, injin yana neman wuta fiye da kullum kafin ya juya. Batirin da ya shekara uku zuwa biyar yana aiki, a nan yake kasawa.

Sai dai ba duk motar da ta ƙi tashi ce batirinta ya mutu ba. Kan batir mai datti, altanetar da ba ta caji, ko wata na'ura da ke shan wuta cikin dare, duk alamarsu ɗaya ce. Gwaji ne ke raba gardama, kuma mitar awon wuta ta hannu ta isa yin mafi yawansa.

Fara da ido

Buɗe bonet ka duba jikin batirin. Idan gefensa ya kumbura, ko ya tsage, ko ka ga ƙanƙara a ciki, to ka tsaya nan: kada ka sa masa caja, kada ka jona shi da wata mota, domin batirin da ya daskare yana iya fashewa. Ruwan cikakken batir ba ya daskarewa sai sanyi ya kusa digiri 60 ƙasa da sifili, amma wanda cajinsa ya ƙare ruwansa ya koma kusan ruwa zalla, yana iya daskarewa ƙasa kaɗan da digiri 0.

Daga nan ka kama kowane kan batir ka gwada murɗa shi da hannu. In ya motsa, mai yiwuwa ka riga ka gano matsalar. Farin gari ko kore-kore da ke taruwa a kai shi ma yana tare wuta.

Awo uku da mita

Juya mitar zuwa DC, wato wuta irin ta batir, a kan 20V (V na nufin volt, ma'aunin ƙarfin wuta). Jan tsinke a kan +, baƙi a kan −, kuma ka ɗora su a kan dalmar batirin kanta, ba a kan ƙarfen da ya maƙale ta ba.

Awon farko ana yin sa ne injin yana kashe, bayan motar ta huta sa'o'i, mafi kyau ta kwana. In ka dawo daga tafiya yanzu, kunna manyan fitilu na minti biyu, ka kashe, ka ɗan jira, domin cajin sama-sama da altaneta ta bari yana ruɗin mita. Batir mai cikakken caji yana nuna 12.6V ko sama kaɗan. 12.4V na nufin saura kusan kashi 75 cikin ɗari, 12.2V rabi, 12.0V kwata. Idan ka ga wajen 10.5V kuma caji bai ɗaga shi ba, to ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ya mutu, tunda kowane ɗaki yana ba da kimanin 2.1V. Wannan ba shi da gyara.

Wannan awon yana gaya maka yawan cajin da ke ciki ne kawai, bai ce komai game da lafiyar batirin ba. Tsohon batir yana iya nuna 12.6V ya kuma kasa juya injin, kamar rijiya mai ruwa a sama wadda guga biyu ke ƙafar da ita. Haka kuma sabon batir da aka manta fitila a kunne yana iya nuna 12.0V alhali lafiyarsa ƙalau. Saboda haka in awon ya gaza 12.4V, yi masa caji tukuna kafin ka yanke hukunci. A hankali ake yi, da wutar da ba ta wuce kashi ɗaya bisa goma na lambar Ah ɗinsa ba, wato lambar da ke nuna yawan cajin da yake iya riƙewa: batir mai 60Ah, amfiya 6. Zagayen minti goma da mota ba ya cika batir, balle a sanyi, lokacin da batir ke jinkirin karɓar caji.

Awo na biyu shi ne mai hukunci. Bar tsinkayen mitar a kan batir, wani ya murɗa makulli kai kuma idonka na kan lambar. A yanayi mai ɗumi, wajen digiri 21, bai kamata ta sauka ƙasa da 9.6V ba yayin da kik ke juyawa. Kusa da digiri 0 ana yi masa rangwame zuwa kimanin 9.1V. Batirin da aka cika da caji amma ya faɗi zuwa 8V ko 7V ya gama aiki. In kuwa lambar ta tsaya sama da 11V amma injin bai juya ba, batirin ba shi da laifi, mai yiwuwa wutar ce ba ta isa kik. Ɗora tsinke ɗaya a kan dalmar batir, ɗaya a kan ƙarfen da ya maƙale ta, a sake murɗa makulli. Duk abin da ya haura 0.2V a nan, datti ne ko sako-sako ke cinye wutar. Duba kuma wayar at, wato wayar − da ta tafi bodi da injin.

Awo na uku na altaneta ne. Injin yana aiki, mita ta nuna tsakanin 13.7V da 14.7V, kuma kada ta faɗi sosai in ka kunna fitilu da fanka. Ƙasa da 13V, duba bel da altaneta. Sama da 15V kuwa cajin ya yi yawa, zai dafa sabon batir ma. Wasu sababbin motoci kwamfutarsu ce ke ɗagawa da sauke cajin, don haka a cikinsu lambar takan yi yawo ba tare da wata matsala ba. Tsohuwar dabarar nan ta zare kan batir injin yana aiki don a ga ko zai mutu, a bar ta. Wutar da ke tsalle a lokacin tana iya ƙona kwamfutar motar da altanetar baki ɗaya.

Batir mai murafu a sama ana iya duba ruwansa. In ya yi ƙasa da farantan, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ba asid ba, ba ruwan famfo ba.

Zaɓen sabo

Girmansa ya shiga mazauninsa, kuma + da − su kasance a gefen da suke a tsohon, in ba haka ba waya ba za ta kai ba. Lambar da ta fi muhimmanci a sanyi ita ce CCA, wato yawan amfiyar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya sauka ƙasa da 7.2V ba. Kada ta gaza abin da littafin motar ya ce. In ta ɗan ɗara babu laifi, musamman ga injin dizal. Motar da ke kashe injinta da kanta in an tsaya tana buƙatar batir nau'in AGM ko EFB, batir na gama-gari ba zai daɗe a cikinta ba. Duba ranar da aka ƙera shi, ka guji wanda ya wuce wata shida a ajiye, sannan ka auna shi kafin ka karɓa.

Cirewa da ɗorawa

Kashe injin, zare makulli ka sa a aljihu, don wasu motoci kan kulle kansu da zarar wuta ta dawo. Cire zobe da agogon ƙarfe, sa safar hannu da tabarau, kuma kada a kusanto da wuta ko sigari, saboda batir yana fitar da iskar haidirojin. In rediyon motar mai lambar sirri ce, nemo lambar tun kafin ka taɓa komai.

Yawancin kawunan batir sifana mai lamba 10 ke kwance su. Fara da −, ka ture wayar gefe inda ba za ta dawo ta taɓa ba, sannan +. Dalilin shi ne bodin mota gaba ɗayansa a haɗe yake da −. Idan ka fara da + kuma sifana ta taɓa ƙarfe, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta, ta yi ja, ta ƙona hannu. Bayan an cire −, wannan haɗarin ya kau. Kwance ƙarfen da ya danne batirin, ka ɗaga shi a miƙe da hannu biyu, domin nauyinsa kan kai kilo 15 zuwa 20.

Wanke mazaunin da kawunan waya da cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwan ɗumi, goge da burushin waya har ƙarfe ya yi haske, ka bari ya bushe. Zaunar da sabon, ɗaure shi kada ya yi motsi, domin jijjiga na karya farantai. Yanzu sai ka juya tsarin: + da farko, − a ƙarshe. Tura kan har ƙasa, ɗaure shi daidai yadda ba zai murɗu da hannu ba, kada ka buga shi da guduma. Bayan ɗauri ake shafa ɗan giris, ba kafin ba. In batirin a but yake ko ƙarƙashin kujera, mayar da siririn tiyon da ke fitar da iskarsa waje.

Motoci irin su BMW da wasu ƙirar Volkswagen da Audi sai an sanar da kwamfutarsu da na'ura cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji irin na tsohon. Agogo da gilasan ƙofa su ma kan buƙaci a sake saita su. Tsohon batirin a mayar wa masu sayarwa ko masu sake sarrafa dalma, kada a zubar da ruwansa a ƙasa.

Idan sabon batir ya sake kwana ya wayi gari babu wuta alhali altaneta na caji, to wani abu na sha a ɓoye. Kashe komai, cire −, juya mitar zuwa amfiya 10, ka haɗa ta tsakanin wayar da kan batirin, kuma kada a murɗa makulli a wannan halin. Jira kamar rabin sa'a kwamfutocin motar su kwanta. Abin da ya wuce kimanin miliamfiya 50 ya yi yawa. Sai ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi; layin da wannan fiyus ɗin ke tsaro, nan matsalar take, kuma sau da yawa fitilar but ce ko rediyon da aka ƙara daga baya.